Musayar waƙa: wa ya tashi da farin ciki yau?

Mai Alƙalami:
Salam 'yan uwa, yau haka kawai na tashi da nishaɗi ba gaira ba dalili, amsa-amo "ya" ne, mai iyawa ya ɗora.

Na farka da safe ina numfashi,
Wannan kaɗai ya ishe ni godiya.
Hantsi ya leƙo ta taga ya gaishe ni,
Ɗana ya ja min gemu yana dariya.

Ɗan Adawa:
Kai mai hantsi, bashi na kanka,
Ko shi ma ka manta shi tun jiya?
Dariyar yaro ba ta biyan haya,
Sauko ƙasa malam mu faɗi gaskiya.

Mai Alƙalami:
Bashi na nan, ban ce babu ba,
Amma barcina nake yi lafiya.
Kai ko an ba ka rana da wata,
Sai ka ce ina taurari, don tsiya.

Uwar Biyu:
Wayyo cikina! Malam ka gama da shi wallahi, a kawo ruwa a yayyafa masa

Sarkin Aruli:
Ku yi haƙuri in tsoma baki. Ɗan Adawa "haya" ɗin nan ta shigo da amsa-amo inda ba gurbinsa ba, shi kuma malam ɗangonsa na uku a baitin farko ya yi tsawo har numfashi na ɗaukewa. A ilimin awon waƙar Larabci, wato aruli, malamin nan Halilu ɗan Ahmad karuruwa (ma'aunan waƙa) 15 ya tsara, wani malamin, Ahfash, ya ƙaro karin Mutadarik suka cika 16, naku kam ban ga inda ya faɗa ba.

Uwar Biyu:
To ai sai ka buɗe musu na 17, mu dai ya mana daɗi a kunne

Sarkin Aruli:
Hajiya daɗin kunne daban, kari daban.

Ɗan Adawa:
Sarkin awo mai ƙirgar gaɓa,
Kai naka baitin yana ina, ba kunya?
Mai gyaran ginin da bai taɓa ɗora bulo ba,
Ka bar mu da malam mu ƙarasa rigimarmu tun da ba da kai aka fara ba, ka ja baya.

Sarkin Aruli:
Kun gani ko? Wannan ɗangon ƙarshe ai wasiƙa ce.

Autar Zaure:
Sai yanzu data ta dawo, na tarar an yi nisa.

Ruwa ya sauka, ƙasa na ƙamshi,
Na tsaya a ƙofa, sanyi har zuciya.

Biyu kawai na iya, kar a duba min kari don Allah.

Mai Alƙalami:
Auta kin fi mu duka. Ɗan Adawa kai kuma faɗi gaskiya, ba ka yi dariya ba yau?

Ɗan Adawa:
Sau biyu. Amma bashin na nan fa.