Shin magunan titi suna yaɗa korona tsakanin mutane?

Binta ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tun farkon annobar korona ake yawo da maganar cewa maguna suna kamuwa da cutar, kuma har yau akan samu masu cewa magunan da ke gararamba a titi ba tare da mai kula da su ba suna cikin abubuwan da suka yaɗa ta. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce mage ba ta san iyakar gida ba: za ta shiga nan ta ci ragowar abinci, ta haura katanga ta faɗa can, yara su shafa ta, sannan ta koma cikin 'yan'uwanta. Ina roƙon masana lafiyar dabbobi da ke cikin wannan zaure su yi mana bayani. Bincike ya tabbatar da cewa magen titi tana iya ɗaukar cutar daga wani mutum ta kai wa wani? Idan kuwa haka ne, korarsu ko kashe su zai rage yaɗuwarta?

Dakta Sani ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Binta. Rabin farko na maganar gaskiya ne, domin mage tana kamuwa da ƙwayar cutar da ke haddasa COVID-19, kuma an san haka tun da wuri. A watan Maris na 2020 aka samu mage a Beljiyam da ta kamu bayan mai ita ya kwanta rashin lafiya, a watan Afrilu kuma aka tabbatar da cutar a jikin wata damisa a gidan ajiye namun daji na Bronx da ke birnin New York. A daidai wannan lokaci masu bincike a cibiyar nazarin cututtukan dabbobi ta Harbin, a ƙasar Sin, suka sa wa dabbobi daban-daban ƙwayar cutar da gangan, suka ga tana hayayyafa sosai a jikin mage, ba ta cika kama kare ba, kaza da agwagwa da alade kuwa ba ta kama su. Dalilin shi ne ƙwayar cutar tana shiga ƙwayoyin halittar jiki ne ta wata kafa da ake kira ACE2, kuma ta mage ta yi kama da ta ɗan Adam ƙwarai.

An kuma ga mage tana harbin 'yar'uwarta. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, an sa wa maguna uku cutar, aka haɗa kowacce a keji ɗaya da wata lafiyayya, cikin 'yan kwanaki duka ukun suka kamu, ko da yake babu wadda ta nuna alamar ciwo.

Inda maganar ta karkace shi ne alkiblar da cutar take bi. Kusan duk magen da aka tabbatar ta kamu, daga mutum ta samo, kuma mafi yawa daga wanda take kwana ɗaki ɗaya da shi. A birnin Wuhan an gwada jinin maguna 102 bayan ɓarkewar annobar, aka samu alamar kamuwa a jikin 15, amma uku da suka fi kowa yawan sinadarin garkuwa a jini na mutanen da suka yi jinyar cutar ne. A birnin Zaragoza na Sifaniya kuwa, inda magunan titi zalla aka gwada, huɗu kacal cikin 114 aka samu da wannan alama. Korona cuta ce ta numfashi, tana son ɗaki rufaffe da kusanci da daɗewa tare, magen titi kuwa a fili take rayuwa, kuma yawancinsu ba sa bari mutum ya matso kusa balle ya ɗauke su. Ƙari a kan haka, kwanakin da mage take fitar da ƙwayar cutar ba su da yawa, ba su cika wuce mako guda ba. Shi ya sa Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, suka tsaya a kan cewa haɗarin kamuwa daga dabbobin gida kaɗan ne, kuma mutane ne suke yaɗa annobar a tsakaninsu.

Malam Habu ya amsa:

Dakta, na gamsu da yawancin bayaninka, amma ina ganin ka sauƙaƙa lamarin fiye da kima. A lokacin da cuta ta cika gari, idan mutum ya kamu, ba wanda zai iya rantsewa cewa daga mage ya samo, domin ya yi cuɗanya da mutane da dama a wannan makon, kuma su za a fara zargi. Saboda haka ƙarancin rahoto bai isa ya zama hujjar cewa abin bai faru ba.

Sannan akwai abin da ya faru a gonakin kiwon mink a ƙasar Holan, wato ƙaramar dabbar nan da ake kiwo domin gashinta. Cutar ta shiga gonakin a watan Afrilu na 2020, kuma da aka gwada magunan da ke yawo a kewayensu, bakwai cikin 24 suna da alamar kamuwa. Wannan ya nunka abin da aka gani a Zaragoza sau da yawa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa magunan da ba su da masu su ne suka kamu, ba na cikin gidajen manoman ba, abin da ke nuna daga mink suka ɗauka. To, mage mai yawo tsakanin gona da gona ba za ta iya zama gada ba? Kuma ai an ruwaito cewa mage ta harbi wata likitar dabbobi a Tailan.

Dakta Sani ya amsa:

Malam Habu, batunka na farko yana da ƙarfi, kuma masu binciken kansu sun yarda da shi. Amma mu duba labarin Tailan ɗin da kyau, domin shi ne mafi inganci da ake da shi, kuma yana nuna irin sharuɗɗan da sai sun haɗu kafin abin ya auku. A watan Agusta na 2021 aka kawo wani mutum da ɗansa daga Bangkok zuwa asibitin jami'a a lardin Songkhla suna fama da korona, tare da magensu wadda take kwana a kan gadonsu. Yayin da likitar take ɗaukar samfur daga hancin magen, sai ta yi mata atishawa a fuska. Likitar tana sanye da takunkumi da safar hannu, amma idanunta a buɗe suke. Bayan kwana uku ta fara jin ciwo, kuma da aka karanta tsarin halittar ƙwayar cutar, ta jikinta da ta magen da ta mutanen biyu iri ɗaya ce, alhali ba ta taɓa haɗuwa da su ba, kuma ta bambanta da wadda ke yawo a lardin a lokacin. An buga rahoton a 2022. Ka ga mage ce ta gida, a tsakiyar kwanakin da take fitar da cutar, fuskarta dab da fuskar mutum. Magen da ke cin abinci a juji ta gudu da zarar ta hango ka ba ta cikin wannan yanayi.

Game da Holan, abin lura shi ne gonar mink wuri ne da dubban dabbobi suke cunkushe a rumfa ɗaya, iska da ƙura cike da ƙwayar cuta, saboda haka duk dabbar da ta shiga za ta shaƙa. An tabbatar da cewa mink sun mayar wa ma'aikatan gonaki cutar, har Denmak ta kashe mink wajen miliyan 15 ko fiye a ƙarshen 2020, amma ba a tabbatar da cewa magunan kewayen ne suka kai ta ga wani mutum ba.

A ganina, abin tsoro na gaskiya a wannan fanni shi ne wata dabba ta zama matattarar da ƙwayar cutar za ta zauna tana sauya kama bayan ta lafa a tsakanin mutane. Dabbar da ta nuna wannan alama ita ce barewa mai farar wutsiya ta Arewacin Amurka. A jihar Iowa an samu cutar a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na barewa 283 da aka gwada, a jihar New York kuma an tarar da tsofaffin nau'o'in ƙwayar cutar irin su Alpha suna yawo a cikinsu bayan sun ɓace daga jikin mutane. Ba a ga makamancin wannan a garken magunan titi ba, kuma ina goyon bayan a ci gaba da gwada su lokaci-lokaci, musamman a matattarar da ake tara su da yawa.

Hajiya Rabi ta amsa:

Ina so in ƙara abu guda da yake rikita masu karanta labarai. Maguna suna da tasu koronar daban, wadda aka sani shekaru da dama kafin 2019, kuma ita ce ke haddasa ciwon nan mai kisa da ake kira FIP. A 2023 wani sabon nau'inta ya kashe maguna masu yawa a tsibirin Saifurus, har gwamnati ta ba da izinin a yi musu magani da ƙwayoyin maganin da aka tanada domin masu COVID-19. Kanun labarai suka cika da korona da maguna, mutane suka tsorata, alhali wannan ƙwayar cutar ba ta kama ɗan Adam. Haka nan dabbar da aka danganta da SARS, wata cutar korona ta 2003, a kasuwannin lardin Guangdong dangin jibda ce, ba mage ba, cutar korona ta MERS kuwa da ta bayyana a Saudiyya a 2012 daga raƙumi take zuwa.

Binta ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura rabin tambayata na biyu: batun korarsu ko kashe su, da kuma abin da ya kamata mai ba su abinci ya kiyaye.

Dakta Sani ya amsa:

Kashe su ba zai rage korona ba, Malama, tunda ba su ne ke yaɗa ta ba, kuma wurin da aka share daga maguna ba ya daɗewa wasu suke cike shi matuƙar abincin da ya jawo na farko yana nan, ɓeraye kuma su samu sarari a tsakani. Zuba guba ya fi muni, domin tana iya faɗawa kan yara da sauran dabbobi. Hanyar da birane da dama suke bi wajen rage yawansu ita ce a kama su, a yi musu aikin hana haihuwa da allurar rigakafin ciwon haukan kare, sannan a mayar da su inda aka ɗauko su.

Wanda yake fama da korona ko mura mai tsanani ya bar wani ya ba su abincin har ya warke, idan kuwa ba makawa sai shi, ya sa takunkumi kuma kada ya rungume su. Kada a wanke mage da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, domin za ta lashe shi ya cutar da ita, kuma ba a samu shaidar cewa cutar tana yaɗuwa ta gashinta ba. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su ko kwanon abincinsu. Idan magen titi ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 a tafi asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare yana kama mage, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira.