Wace lamba zan riƙe wadda ba za ta canza ba a Zotero?

Assalamu alaikum malamai. Muna haɗa madogarar bincike kan tarihin masarautar Ringim, mu uku, kowa da kwamfutarsa a ƙauye, intanet sai an shiga gari. So nake kowane rubutu namu ya riƙa kai mutum kai tsaye ga littafin da ke Zotero, manhajar adana madogarar bincike.

Maɓallin (wato lambar shaida) da manhajar ke ba kowane littafi, mai haruffa da lambobi 8, ba ya motsi a cikin ɗakin karatu ɗaya, wato tarin littattafan da mutum ya adana a manhajar. Amma da zarar an kwafe littafin zuwa ɗakin rukuni da mutane da yawa ke amfani da shi tare, ko an fitar da fayil ɗin RIS (fayil mai ɗauke da bayanan littattafai) an shigar a wata kwamfutar, sai ya samu sabo, mahaɗar zotero://select da ke buɗe littafin a manhajar ta mutu. Haka in an haɗe tagwaye biyu, wato littafi ɗaya da aka shigar sau biyu, maɓalli ɗaya ne ke tsira.

Maɓallin Better BibTeX kuwa, wani ƙari da ake ɗora wa Zotero, daga sunan marubuci da taken littafi da shekara ake gina shi, gyaran harafi ɗaya ya isa ya sauya shi, sai in an kafe shi.

DOI da ISBN, lambobin shaida na maƙaloli da littattafan da aka wallafa, sun fi, to amma kundayen digiri da rubutun ajami da ke hannunmu ba su da ko ɗaya, kuma su ne rabin kayanmu.

Shin mu ƙirƙiri lambarmu mu sa a gurbin Extra na ƙarin bayani, ko mu koma ɗakin rukuni ɗaya tun yanzu? Allah ya saka da alheri.