GTN ɗaya na ba shi jininsa ya faɗi, wai laifina ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka, tun jiya hankalina bai kwanta ba. An kawo mutum mai shekara 58 dafe da ƙirji, gumi sharkaf, ya ce kamar an ɗora masa dutse. Ɗansa na ta ihu, layi ya cika, ni kaɗai ce a ɗakin gaggawa. BP (awon jini) 104/68. Na ba shi aspirin 300mg ya tauna, na sa masa GTN (ƙwayar maganin ciwon ƙirji na zuciya) 0.5mg ƙarƙashin harshe. Kafin minti biyar ya koma 70/40. Ya farfaɗo, amma ana ta maganata.

Likita: Wa alaikumus salam. Sista, ina ECG, wato gwajin da ke zana aikin zuciya a takarda? Bugun zuciya nawa? GTN jijiyoyi yake buɗewa, jinin da ke komawa zuciya ya ragu. In ST (wani sashe na zanen ECG) ya tashi a layukan II, III da aVF masu duba ƙasan zuciya, a duba V4R mai duba damanta tukuna, domin in ɓangaren dama na zuciyar ya taɓu, da wannan jinin ya dogara, ƙwaya ɗaya ta isa ta kada shi. In jinin ya faɗi a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafu, a sa ƙarin ruwa na normal saline 250ml da sauri muddin babu ruwa a huhu.

Nas: Ni ban ga laifinki ba 'yar'uwa. In lambar sama ta BP ta yi ƙasa da 90 aka hana GTN. Ƙwaya ɗaya duk minti biyar, iyaka uku.

Likita: Ba 90 kaɗai ba ne. Wanda ya saba 150, in ya sauka da 30 ko fiye, shi ma ba a ba shi.

Mai harhaɗa magani: Kin tambaye shi maganin ƙarfin maza? In ya sha sildenafil cikin awa 24, ko tadalafil cikin awa 48, ba a ba shi GTN. A gaban ɗansa ba zai faɗa ba, sai an fitar da yaron. Abin da ke damuna ma, a juye GTN a leda, alhali ko a kwalbarsa bayan sati takwas da buɗewa ƙarfinsa ya tafi.

Mai tambaya: Na'urar ECG tana wani ɗaki, ranka ya daɗe. In bar shi yana murƙususu? Kuma ai ciwon ya lafa.

Likita: Lafawar ba hujja ba ce, ciwon bututun abinci ma yakan lafa da GTN. A yi ECG cikin minti goma da zuwansa. Har yanzu ba ki faɗi bugun zuciyar ba.