Kyautar malamai a ƙarshen shekara: kati ko kuɗi?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Iyayen ƴan aji ɗaya a wata CEG (makarantar sakandare) ta unguwar Zariya a Maraɗi na son yi wa malamai ihsani. Yara 60 ne, kowa dala 20, jika 6 ke nan. Katin waya ya fi, ko me? Kuma da gaske ne suna da awoyin da ba su shiga aji?

Tsohon Mushe: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka. Malamin firamare ba ya da su, ajinsa ɗaya tun safe har a tashi. Na CEG da lise ne ke samun awa ɗaya ko biyu tsakanin darasi da darasi, amma ba hutu ba ne. Nan yake gyaran takardun jarrabawa. Mai aji huɗu, kowane da yaro 60, takarda 240 ke jiransa. Ko minti uku-uku ya ba su, awa 12 ce. Nan kuma yake rubuta darasin gobe, ya cika maki. Don haka jan bik, kayye da takardar fotokofi sun fi komai saurin ƙarewa a hannunsa. Ku je shagon littattafai, ku biya, mai shago ya rubuta bon (takardar da malami zai kai ya karɓi kaya) da hatiminsa, da adadin kuɗin, da ranar ƙarewa. In ba a rubuta adadi ba, rigima ce gaba.

Mai Shagon Waya: In kati za ku saya, Hajiya, ku fara tambayar layin malamin. Katin Airtel ba ya shiga Moov ko Zamani. Kada ku karɓi wanda aka kankare bayansa. Kuma a gaya masa ya sayi forfe kafin ya kunna intanet, in ba haka ba kuɗin zai zube cikin ɗan lokaci. Katunan waje irin na Amazon ku bar su, a ɗaure suke da ƙasar da aka saye su.

Malama a Bagalam: Jika 6 ga malami takwas ba ta kai ko jika ɗai-ɗai ba, yaya. Gara a haɗa a sayi abin da ɗakin malamai zai mora gaba ɗaya. Sannan ku dubi lokaci: a bari sai an raba sakamako a watan Yuni, a miƙa ta hannun kwamitin iyaye, darakta na wurin, ba da sunan wani yaro ba. Kyauta kafin maki tana jefa malamin kirki cikin bakin mutane.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Zan kai maganar bon gaban kwamiti ran Asabar.