Wai aikina ne aka ce wasan yara

Ɗan Lissafi: Jama'a ku taya ni ji. Wata huɗu ina haɗa tsarin bincikena a kan yadda wasa ke taimaka wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira su jure yanayin da ba su taɓa gani ba. Jiya mai duba aikin ya ja wa kalmar “wasa” layi da jan biro, ya rubuta a gefe, “Nan ba firamare ba ce.” Ko shafi na biyu bai buɗe ba. Alhali a 2019 kamfanin OpenAI ya saki wasu 'yan manhajoji a duniyar kwamfuta suna wasan ɓuya. Masu ɓuya suka koyi toshe ƙofa da akwatuna. Masu nema suka koyi jawo allon gangare su haura katanga. Masu ɓuya suka koma kulle allon tun kafin a fara. Can sai masu nema suka gano hawa kan akwati su zame da shi har maɓoyar, dabarar da waɗanda suka tsara wasan ma ba su zata ba. Wa ya koya musu?

Injiniya B: Malaminka bai yi kuskure ba. Maki ake ba su. Mai nema ya hango, a ƙara masa, a rage wa mai ɓuya. Wannan farautar lada ce, ka daina ce mata wasa. Wasa sai da jin daɗi.

Malamar Yara: Injiniya, wa ya ce maka? Ka taɓa zama ka kalli ɗan wata goma yana jefar da cokali ƙasa? A ɗauko masa, ya sake jefarwa, fuska a murtuke, ido na bin inda zai faɗa. Sau goma sha wani abu. Ba dariya yake ba, gwada duniya yake. Mu wannan muke kira wasa.

Injiniya B: Malama, da girmanki, ki bar mana fagenmu. Yaro daban, manhaja daban.

Malamar Yara: Fagenku? Kalmar “koyo” da kuke ta yawo da ita a bakinku daga wurin wa kuka aro ta?

Sarkin Dara: Ku duka kun manta da AlphaGo, manhajar kamfanin DeepMind. A watan Maris 2016 a birnin Seoul ta doke gwanin Koriya ta Kudu Lee Sedol ci 4 da 1 a wasan Go, wani wasan allo mai kama da dara. Motsinta na 37 a karawa ta biyu, masu sharhi da farko sun ɗauka kuskure ne, ashe dabara ce. Wadda ta biyo baya a 2017, AlphaGo Zero, ba a nuna mata wasan ɗan Adam ko ɗaya ba, da kanta take karawa, kwana uku ta lallasa ta farkon 100 da nema. In wannan ba wasa ba ne, mene ne?

Ɗan Tsako: Gasa ce, yallaɓai. Matsalar ita ce kalma ɗaya muke amfani da ita ga abu biyu. Go tana da allo, da doka, da mai nasara. Abin da Malama ta kwatanta babu ko ɗaya cikinsu. Kuma ina bazatar take a allon da komai ke shimfiɗe a gabanka?

Sarkin Dara: Kai yaro, ka taɓa riƙe ɗan Go a hannunka?

Ɗan Tsako: Ba sai na riƙe ba. A 2023 wani ɗan Amurka da ba ƙwararre ba ya yi ta doke KataGo, wata manhajar Go mai ƙarfi, da dabarar da masu bincike suka gano: a yi wa rukunin 'ya'yanta zobe a hankali, ita ba ta farga ba sai ta makara. Mutum ƙwararre da tuni ya gani. Kuma ka daina ce min yaro.

Sarkin Dara: Kwamfuta ce ta nemo masa dabarar. Satar amsa ke nan.

Ɗan Lissafi: Don Allah mu dawo kan magana. Akwai manhajojin da ladansu shi ne ganin sabon abu, ba cin wasa ba. Da irin wannan aka samu ci gaba a Montezuma's Revenge, tsohon wasan bidiyo na Atari da manhajar DeepMind ta 2015 ta tashi da sifili a cikinsa.

Injiniya B: Ka faɗi sauran mana. Irin waɗannan in ka ajiye musu talabijin mai sauya hoto ba tsari, nan za su kafe suna kallo har abada, tunda kullum “sabo” ne. Son sanin naku ke nan.

Malamar Yara: To ai haka kai ma kake yi da wayarka tun safe.

Injiniya B: Ban zo nan a ci min fuska ba.

Sarkin Dara: Ni har yanzu ina jiran yaron nan ya faɗa min motsi na nawa Lee Sedol ya yi da ya ci karawa ta huɗu.

Ɗan Tsako: Na 78. Sai kuma me?

Mai Kula da Zaure: To ya isa haka, zan rufe. Abin da ya fito fili: masu ilimin abin, wato Injiniya, sun nuna cewa lada ne ke tuƙa komai, kuma misalin talabijin ya kashe bakin kowa. Malama ta kawo labarin jarirai mai daɗin ji, amma ba hujja ba ce. Ɗan Tsako ya yi ƙoƙari, sai dai ya rage zafin kai a gaban manya. Ni ma injiniya ne, amma ba don haka na faɗa ba.

Malamar Yara: Ai mun gani.

Ɗan Lissafi: Ranar Litinin fa zan koma wurin mutumin nan. In cire kalmar ko in bar ta?