Ɗiyan Sarakunan da Anka Tuɓe, Ina Sunka Nufa?

Bakabe Mai Homa, Argungu

Assalamu alaikum 'yan majalisa. Jiya da la'asar na kai ɗiyana gidan tarihin Kanta. Muna fitowa ƙaramin ya ja mini riga, wai "Baba, in anka ci gari, ɗiyan sarki ina su ka zuwa?" Na rasa ta cewa. Ga tambayar tashi na zuba a ƙwar biyu, amsa-amo "ta". Duk mai amsawa shi riƙe shi.

Na je Surame na iske kango,
Ba dogari, ba mai busa, ba tuta.

Ganuwar da Kanta ya ɗora da dutse,
Yau kurciya ka kuka bisa kanta.

A 1805 Birnin Kabi ya faɗi,
Sarki Hodi ya fice ya bar gadon sarauta.

Shin 'yan'uwa, ɗiyan da anka goya
A fada, ranar gudu wa ya kuɓuta?

In wani ya ce mana jikan sarki ne shi,
Mu ba shi hannu ne, ko mu ƙaryata?

Ɗan Anka

Wa'alaikumussalam Bakabe. Ka sosa mana inda ke ƙaiƙayi.

Mu Zamfarawa mun sha wagga tun farko,
Baƙon da munka sauke ya wuce baƙunta.

Gonar alƙali munka ba Gobirawa,
Nan Alkalawa ta tsiro da ƙarfinta.

Sarkin Gobir Babari ya juyo ya ci Birnin Zamfara,
Sarki ya yi Kiyawa, gari ya sha wuta.

Amma iri bai ƙare ba, zo Anka ka duba,
Sarkin Zamfara na zaune kan sarauta.

Ita ko Alkalawa, a 1808,
Ranar da Yunfa ya faɗi, wa ya cece ta?

Bagobiri, na san kana nan laɓe kana karantawa. Fito.

Bagobiri na Ƙaura

Ga ni, ɗan Anka. Ba a kiran Bagobiri shi ɓuya.

An ci Alkalawa, ba a ci Gobir ba,
Je Tsibiri ka ga fada da mutanenta.

Bayan yaƙin Gawakuke Sarki Mayaƙi ya kafa ta,
Ɗan Halima ya yi Sabon Birni da jarunta.

Ni ma ba baƙo ba ne a wannan zance,
Ga abin da na ji daga bakin kakata:

Ran da gari ya faɗi, wata kuyanga
Ta sa jinjiri a lefe ƙarƙashin audugarta.

Ta bi cikin mata masu kuka ta fice,
Ba wanda ya ce da ita ta sauke kayanta.

Ɗan sarki ne, da zoben azurfa a wuya,
Shi ne fa ya haifi kakanta.

Malama 'Yar Jega

Ƙanena Bagobiri, Allah shi jiƙan Inna, shi kai haske kabarinta. Sai dai lefen nan ba a Gobir kaɗai aka taɓa ɗaukarsa ba. Ni da alli ke hannuna kullum ina koyar da tarihi, bari in kai ku Rasha.

A Yulin 1918 'yan Bolshebik sunka tashe su,
Sarki Nikolas, da matarsa, da ɗiyanta.

Su biyar ne ɗiyan, a ɗakin ƙasa anka harbe su,
Anka kai gawa daji don a manta.

Da ba a ga kabari ba sai zance ya tashi,
Wai autar mata, Anastasiya, ta kuɓuta.

A 1920 an tsamo wata a ruwan Balin,
Daga baya ta ce ita ce, wasu sunka gaskata.

Anna Anderson, ta daɗe tana shari'a a Jamus,
A 1984 ajali ya riske ta.

Bayan shekara goma anka gwada ƙwayar halitta,
Ashe 'yar Folan ce mai aikin masana'anta.

A 2007 anka tono gawar ɗiya biyun da sunka rage,
Lissafi ya cika, ba ko ɗaya da ya fita.

Bagobiri na Ƙaura

Yaya Malama, kakata ba ta nemi gado ba,
Ba ta je kotu ba, ba ta roƙi rawani ba.

Ɗan Anka

Jama'a ku zo ku gani, amsa-amo ya faɗi warwas kamar Alkalawa! "Ta" munka ce, kai ka kawo muna "ba".

Almajirin Gwandu

Ku ƙyale shi, an taɓa mai kaka ne, dole harshe shi sarƙe. Malama, Allah shi ƙara sani, amma ba kowane lefe ne wofi ba. Akwai wanda ya tsira da gaske, littattafanmu na zaure sun san shi.

A 750 Abbasiyawa sunka yi rinjaye,
Zuriyar Umayya anka bi ana farauta.

Abdurrahmani da ƙane nai sunka faɗa kogin Furatu,
Dakaru na kira: ku komo, ba cuta.

Ƙanen ya yarda ya juyo, anka yanka shi,
Wan na tsallake yana kallo, ba ceto, ba gata.

Shekara shida, 756, ga shi a Ƙurɗuba,
Andalus ta miƙa mai ragamarta.

Halifa Mansur, abokin gaba, da bakinsa
Shahon Ƙuraishu ya kira shi don bajinta.

Mu ma nan, Attahiru ya kwanta a Burmi, 1903,
Ɗa nai ya ɗauki hijira ya ɗora ta.

Je ka Sudan, gaɓar Shuɗin Nilu,
Alƙaryar Mai Wurno, sunansa anka sa mata.

Bakabe Mai Homa, Argungu

Almajiri, Allah shi yi ma albarka. Na tafi Surame neman amsa, ashe tana ƙofar gidana na tsallake ta. Kunya ma ta kama ni, Bakabe guda shi manta Nabame.

Sarki Karari ya tsaya Argungu yana turjiya,
A 1831 ajali ya katse ta.

Ɗa nai Yakubu Nabame anka kai Sakkwato,
Shekaru yana tsare kamar an manta.

Kowa ya san ɗan wa ne, ba a tambaya,
Ba shi bukatar zobe ko takarda a karanta.

A 1849 ya komo ya ɗaga Kabawa,
Argungu ta miƙe ta karɓi 'yancinta.

Sai lafiyar Toga, sulhu da Sakkwato, 1867, anka sha ruwa,
A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarce ta.

Anka faɗa ruwan Matan Fada da homa da gora,
Gaba ta jiƙe a ruwa ta koma zumunta.

Wanga shi zan gaya wa yaro in ya taso makaranta. Kai kuma Bagobiri, ba gatse nike ma ba, ina zoben yanzu? In yana nan ka ɗauko hoto mu gani.

Bagobiri na Ƙaura

Na gyara amsa-amo, ɗan Anka shi kwantar da hankali.

Zoben na nan har farin 1973,
Shekarar da rumbu ya bushe, saniya ta kwanta.

Kaka ta kwance shi daga ƙugu ta kai Shinkafi,
Tiya shida ta gero maƙeri ya ba ta.

Mu tara munka ci, har da ni ina rarrafe,
Azurfar Gobir a tuwo munka haɗiye ta.

Saura goggo a Tsibiri, ita ta san saura,
In Allah ya kai mu gobe zan kira ta.

Malama 'Yar Jega

Allah shi kai mu, ƙanena. Ka gaishe mini da goggo. In ta ɗaga, ka tambayar mini sunan kuyangar nan da ta ɗauki lefen, da garin da ta sauke shi.