Musayar Waƙa: Ranar 'Yan Mazan Jiya

Jikan Soja, daga ƙasar Ringim:

Salamu alaikum. Gobe 15 ga Janairu. Na buɗe da amsa-amon "ya", mai baiti ya ɗora.

Da sunan Allah na fara, Sarkin duniya,
Zan waƙe ranar tuna 'yan mazan jiya.

Kakana ɗan ƙauye ne, da garma ya saba,
A 1944 jirgin ruwa ya kai shi Indiya.

Daga nan sai ƙasar Bama, runduna ta 82,
Dajin Arakan, ruwan sama dare da safiya.

Yakan ce Japan daban, matsattsaku daban,
Ya nuna mana tabo a ƙwauri da gadon baya.

Lambobinsa biyu na nan a ƙasan adaka,
Inna ta naɗe su a ɗankwali ta yi ajiya.

Malamin firamare, Bichi:

Ƙanena, Allah ya jiƙan tsoho da rahama,
Ka taɓo tarihi, bari in sa murya.

Da can 11 ga Nuwamba ake yin ta,
Gadon Turawan Ingila ne ga Nijeriya.

Ranar da bindiga ta yi shiru a 1918,
Aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sai namu ya zo, basasa ta wata talatin,
Nan ta bar gwauruwa, can ta bar maraya.

15 ga Janairun 1970, barikin Dodan a Legas,
Gaban Gowon, Effiong na Biyafara ya miƙa wuya.

Shi ya sa aka dawo da ranar nan,
Ranar da ƙasa ta koma tsintsiya.

Gwaggo, Babura (jikata ke rubuta min):

Malam, sannu da ƙoƙari, amma da saura,
Ranar nan tana da wani miki a zuciya.

A 1966 ita ce aka kashe Sardauna,
Ina yarinya na ji kukan a bakin rijiya.

Shekara ta zagayo yayana ya shiga soja,
Ya bar gero a gona, ya bar amarya.

Wasiƙa guda ta zo mana daga Inugu,
Daga ita shiru, ba gawa, ba kaya.

Inna har ta rasu tana rage masa tuwo,
In mota ta tsaya a tasha sai ta aika tambaya.

Babu kabarin da zan je in tsuguna,
Ƙulhuwallahu zan yi masa, ita na iya.

Tsohon kofur, gefen Kazaure:

Yaya, baitinki ya same ni a ban-ruwan albasa,
Na ajiye bokiti, na kasa tafiya.

Ni na yi ECOMOG, dakarun Afirka ta Yamma, tun tashin farko, 1990,
Mun baro abokai kwance a Laberiya.

Gobe a Abuja za a ajiye furanni,
A saki fararen tattabaru, a ƙame a tsaya.

Ina ji a rediyo, wallahi ina jin daɗi,
Ko ba komai an ce mana an yi godiya.

Amma sau uku ina zuwa birni kan fanshona,
Zuwan ƙarshe sai da na sayar da akuya.

Ban yi nadamar kakin da na sa ba,
Yaranmu na Sambisa, Allah ya ba su kariya.

Jikan Soja:

Gwaggo, bayan asuba zan roƙi liman,
A sa yayanki a addu'a, mu shafa gaba ɗaya.

Baba Kofur, turo min kwatancen fadamarka,
Sanyi na lafawa da hantsi ina kan hanya.

Zan zo da goro da lambobin kakana,
Ka faɗa min ma'anar zanen da ke baya.